Tambaya da Amsa: Ina Ribar Ɗan Kwangila a Lambun da Ba Ya Shan Ruwa da Yawa?

A wannan fitowa mun ware filin ga masu sana'ar ƙawata harabar gidaje, makarantu, otal-otal da ma'aikatu da itatuwa, furanni da ciyawa, domin wasiƙu biyar da suka iso mana daga wurinsu galibi kuka ɗaya suke yi, wato yadda kuɗin ruwa da mai da taki ke cinye ribar aiki. Mun taƙaita wasiƙun kafin mu amsa su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata takwas ina karɓar kwangilar dasa furanni da shimfiɗa ciyawa a gidaje da ofisoshi. Aiki yana samuwa, alhamdu lillahi, amma riba ba ta zama a hannu. Lambun da na miƙa kore shar a watan Oktoba, kafin ƙarshen Afrilu ciyawarsa ta ƙone, rabin furannin sun bushe, mai gida kuma ya kira ni in sake dasawa daga aljihuna. Ina jin ana maganar aikin lambu mai ɗorewa wanda ba ya ɓarnar ruwa da ƙasa. Shin wannan ba zancen ƙungiyoyin kare muhalli ba ne kawai? Ina ribar ɗan kasuwa a ciki? Daga wani ɗan kwangila, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zancen ya shafi aljihunka kafin ya shafi kowace ƙungiya, kuma lissafi ne zai nuna maka haka. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 ko ya zarce, kowane murabba'in mita na ciyawar ado yana buƙatar kimanin lita shida na ruwa a kullum kafin ya ci gaba da zama kore. Idan ka shimfiɗa murabba'in mita 500 a gidan wani Alhaji, ka ɗora masa bashin lita 3,000 a rana ke nan, wato tankar ruwa mai ɗaukar lita 10,000 ba za ta wuce kwana uku da 'yan sa'o'i ba. Ko da yana da rijiyar burtsatse, ruwan ba ya hawowa da kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024, kuma a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar lantarki na masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, ya koma naira 225 a kan kowane yunit. Mai gidan da a da yakan bar janareta yana jan ruwa sa'a uku ba tare da ya damu ba, yanzu yana ƙirga mintuna. Ranar da ya gaji ya ce a rage ban ruwa, ciyawa za ta mutu, kuma ba zai ce laifin tsadar mai ba ne, cewa zai yi ɗan kwangilar nan bai iya aiki ba.

Saboda haka gyara yana farawa ne tun a kan takardar zane, kafin a haƙa rami ko ɗaya. Ka tambayi mai gida inda yara ke wasa da inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, ka sa ciyawa a nan kaɗai, wataƙila murabba'in mita 100 ko 150, sauran filin kuma ka raba shi tsakanin inuwar itatuwa, kwamin furanni masu jure fari, da tsakuwa ko ƙananan duwatsu masu barin ruwan sama ya nitse. Ciyawar ma ka zaɓi mai haƙuri irin ƙiri-ƙiri, wadda kan yi ja a rani amma ba ta mutuwa, da ta ji ruwa sai ta farfaɗo. Sannan ka haɗa shuke-shuke masu ƙishirwa wuri guda kusa da famfo, masu haƙuri kuma can gefe, domin idan ka gauraya su dole gadina ya shayar da kowa daidai da buƙatar mafi ƙishirwa, a yi asarar ruwa, saiwar masu son bushewa kuma ta ruɓe.

Kada ka ɗauka wannan dabarar matalauta ce. A jihar Nebada ta Amurka, inda birnin Las Begas yake, hukumar ruwa ta daɗe tana biyan masu gidaje kuɗi domin su cire ciyawa su dasa shuke-shuken hamada, kuma a 2021 jihar ta yi dokar da ta hana shayar da ciyawar da ba ta da amfani sai ado da ruwan kogin Kolorado a harabar ma'aikatu da gefen tituna daga farkon 2027. Wannan sauyi ya buɗe wa 'yan kwangilar can kasuwa guda, ta cire tsohuwar ciyawa da sake tsara fili, kuma wanda ya riga ya koyi aikin shi ake fara kira.

Game da ban ruwan kansa, tiyon da gadina ke riƙewa yana fesawa da tsakar rana shi ne babban ɓarawon ruwa a lambunanmu, domin wani ya bi iska, wani ya gangara kan siminti, wanda ya taɓa ƙasa kuma bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Siririn bututu mai ɗigo, wanda ke sauke ruwa kaɗan-kaɗan a gindin kowace shuka, yana kai kusan dukkan ruwan ga saiwa, kuma tankin da aka ɗaga sama mita biyu ya isa ya tura shi a ƙaramin lambu ba tare da inji ba. Yana da nasa sharuɗɗan, ba zan ɓoye maka ba. Dole a sa masa matatar ruwa a riƙa wanke ta, in ba haka ba yashin rijiya zai toshe ƙofofin, kuma dole a nuna wa ma'aikata inda ya bi domin kada fartanya ta datse shi. Kuɗinsa na farko ya fi na tiyo, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga ƙananan itatuwa da aka dasa nesa da famfo kuwa, tulun ƙasa da aka binne har wuya a gefen dashe, ana cika shi bayan 'yan kwanaki a rufe bakinsa, yana tsatsafar da ruwa a hankali zuwa saiwa, kuma maginan tukwane na kusa da kai za su yi maka shi da araha.

Akwai kuma ruwan sama da muke bari yana fita ta magudana. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Rufin gida mai murabba'in mita 200, a daminar da aka samu milimita 800, ya zubar da lita 160,000 ke nan. Ba wanda zai iya sayen tankunan da za su riƙe wannan duka, shi ya sa na fi ba da shawarar a mai da ƙasar lambun ita ce tankin. Manoman jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako mai tauri kamar dutse da ƙananan ramukan da suke kira tassa da kuma kunya mai siffar rabin wata, waɗanda ke tare ruwa da taki a inda shuka take. Ka ari wannan hikima: ka yi kwamin furanni ya ɗan yi ƙasa da hanya maimakon ya ɗaga sama, ka karkatar da indararo zuwa gindin itatuwa nesa da tushen gini, ka daina shafe ko'ina da siminti. Sannan ka roƙi mai aiki ya bari a yi dashen itatuwa bayan damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, domin su sha ruwan Allah na wata uku kyauta su kafa saiwa kafin hunturu. Dashen da aka yi a Fabrairu domin a cika ranar buɗe gini shi ne yawanci wanda kake sake saye da kuɗinka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mace ce mai ƙaramin kamfanin ƙawata gidaje. Masu ba ni aiki sun fi son shuke-shuken da suka gani a hotunan ƙasashen waje, kuma idan na ambaci itatuwanmu na gida sai su ce ba ƙauye suka ce in yi musu ba. Ga shi kuma shuke-shuken wajen sun fi kawo riba a lokacin sayarwa. Ta yaya zan shawo kansu ba tare da na yi asara ba? Daga wata 'yar kwangila, Abuja.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Ribar da kike gani a ranar sayarwa ba ita ce ribar aikin ba, sai kin cire abin da za ki kashe wajen maye gurbin waɗanda suka mutu. A manyan kwangiloli akan riƙe wani kaso na kuɗin, galibi kashi 5 cikin 100, har sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika, kuma shukar da aka ɗauko daga wuri mai sanyi ko mai laima aka kawo ta gaban iskar hunturu ita ce ke hana wannan kuɗi fitowa.

Raina abin gida da kike fama da shi gaskiya ne, kuma yana ba ni takaici, domin sau da yawa jahiltar asalin shukar ce ke kawo shi. Ki dubi kariya, wannan mai kumburarren gindi da jan fure da ke tsiro a dazukanmu na arewa. Masu lambuna a Tailan sun ɗauke ta suna aurar da irinta suna fitar da launuka, ana sayar da ita a tukwane a faɗin duniya da tsada, alhali a nan ana wuce ta a bakin gona. Tana yin fure a tsakiyar rani lokacin da sauran furanni suka sunkuya, ruwa kaɗan take so, sai dai ƙaronta guba ne, don haka ba a dasa ta inda ƙananan yara ke wasa. Lalle idan ana aske shi a kan kari yana yin shinge mai kauri da fure mai ƙamshi. Maɗaci shi ne ya yi wa tsofaffin titunan unguwannin Turawa na Kano da Kaduna da Zariya inuwar da har yau ake sha, tsamiya kuma ba ta da na biyu a filin ajiye motoci na makaranta ko asibiti idan an ba ta lokaci. A unguwanni masu gangare irin Asokoro, Guzape da Katampe, inda ruwan damina ke zaizaye ƙasa, layin jema da aka dasa a kwance yana riƙe ƙasa da saiwarsa mai nitsewa mita biyu ko fiye, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na katangar siminti ba. Ba kuma cewa nake yi sai ɗan ƙasa kaɗai ba. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, bugenbiliya daga Kudancin Amurka, amma duk sun saba da ranarmu. Abin dubawa shi ne ko shukar za ta rayu da ruwan da mai gida zai iya ba ta.

Sanin inda ba a dasa abu shi ma yana cikin abin da ake biyan ki dominsa. Ceɗiya da durumi suna da inuwa mai daɗi amma saiwarsu tana bin danshi har ta fasa sokawe da tushen katanga, itacen turare kuma yana shanye ruwan ƙasa yana karya rassa a kan motoci. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya dace da babban fili, ba tsakar gida ba.

Wajen shawo kan mai aiki kuwa, gani ya kori ji. Ki tsara ƙaramin lambun nuni a gaban ofishinki ko wurin renon dashenki, ki kai mutum can a watan Maris. Idan gida ne na iyali, ki sa zogale, lemun tsami, gwaiba da na'ana'a a cikin tsarin, domin uwargidan da ke tsinkar abin miya a bayan ɗakinta ba za ta bari lambu ya mutu ba. Idan kuma masu gina manyan rukunin gidaje ko otal kike nema, ki sani cewa wasunsu yanzu suna neman shaidar EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda ke buƙatar gini ya rage amfani da ruwa da makamashi da aƙalla kashi 20 cikin 100, kuma ban ruwan haraba yana cikin abin da ake ƙirgawa. Mai iya rubuta adadin litar da tsarinta zai sha a wata ta riga abokan takararta shiga wannan ƙofa. Ribar sayar da shuka da kike tsoron rasawa kuma za ta dawo idan kina renon dashenki da kanki, tunda lalle, bugenbiliya da jema duk daga yanke ko rabe ake yaɗa su, ba sai kin sayo ba.

TAMBAYA: Malam, duk mako ina biyan mota ta kwashe ganye da ciyawar da muka yanke, wani wurin kuma mukan ƙone su, sannan in je in sayi takin zamani da baƙar ƙasa. An ce ana iya mai da sharar taki, amma ina tsoron gara da wari. Daga wani mai kula da lambuna, Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, sau biyu kake biya a kan abu ɗaya, kuɗin fitar da shi da kuɗin sayo madadinsa. Manoman kewayen birnin Kano sun shekara ɗaruruwa suna noma gona ɗaya ba hutu saboda takin da suke ɗaukowa daga cikin gari a mangalar jakuna, kuma abin da suka gane shi ne ƙasa mai yashi ba ta riƙe ruwa sai da ruɓaɓɓen abu a cikinta. Takin zamani yana ciyar da shuka na 'yan makonni, amma ba ya gyara wannan.

Ka samu wuri mai inuwa ka jera busasshen ganye kashi uku, ɗanyar ciyawa da kashin shanu ko na kaji kashi ɗaya, hawa-hawa har tsibin ya kai tsayin ƙugu, kana yayyafa ruwa yadda zai yi danshi kamar tsumman da aka matse. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai yi zafin da hannu ba zai jure ba, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyayi da ƙwayoyin cuta. Ka riƙa juya shi duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasar damina. Wari yana zuwa ne idan ruwa ko ɗanyar ciyawa sun yi yawa iska ba ta shiga, maganinsa ƙarin busasshen ganye da juyawa. Kada ka zuba ɗanyen kashin kaji a gindin fure, yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana kawo gwazarma da irin ciyawa.

Sauran busasshen ganyen, da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ka shimfiɗa su kaurin yatsu huɗu a kan kwami domin rana kada ta busar da ƙasa, ciyawa kuma ta rasa hasken tsirowa. Tsoronka game da gara yana kan hanya, don haka ka bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itace, kada kuma ka kai ta jikin bango ko katako. A irin waɗannan wurare tsakuwa ta fi. Idan kuma aka kira ka tun ana shirin gini, ka sa a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda kafin a fara haƙa, domin ita ce baƙar ƙasar da za ka zo kana saye tifa-tifa daga baya.

TAMBAYA: Malam, wani yarona ya kwanta rashin lafiya bayan feshin maganin ƙwari, mai gidan kuma ya yi fushi saboda kajinsa sun mutu. Akwai hanyar da ta fi wannan? Daga wani ɗan kwangila, Katsina.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Lafiyar yaron nan amana ce a wuyanka, kuma ba ya halatta a tura mutum feshi ba safar hannu, ba takalmin roba, ba abin rufe hanci. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin da ake kira fiya-fiya a kasuwanni tun 2019, ta kuma haramta maganin ciyawa mai sinadarin parakwat daga 2024, saboda haka ka riƙa karanta abin da ke jikin kwalba kafin ka saya.

Ka daina feshi bisa kalanda, sai ka duba ka ga ƙwaron da idonka. Ga darɓa da ƙananan tsutsotsi, ka daka ƙwallon 'ya'yan darbejiya giram 50 ga kowace litar ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma a saman ganye da ƙarƙashinsa, ka maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro ci da girma ne, don haka a fara shi da wuri. Makarantu, asibitoci da gidaje masu ƙananan yara za su fi sakin jiki da wanda ya rubuta musu a takarda abin da yake fesawa da ranar da ya fesa.

TAMBAYA: Malam, idan na yi wa mutum lambun da ba ya buƙatar ruwa da taki da yanka sosai, ba na kashe kasuwata da hannuna ba? Da me zan riƙa karɓar kuɗin wata? Daga wani matashi mai fara sana'ar, Gombe.

AMSA: Ɗana, tambayarka mai kyau ce, kuma amsarta tana cikin yadda kake yanka farashi. Idan ana biyanka bisa yawan zuwa da yawan buhunan taki, to lallai kuɗinka zai ragu. Amma idan ka ƙulla yarjejeniyar shekara a kan kuɗi tsayayye, cewa lambu zai kasance da rai da tsabta daga Janairu zuwa Disamba, to duk litar man injin yankan ciyawa da ba ka ƙona ba da duk dashen da ba ka sake saye ba sun zama naka, kuma yaran da ke kula da gida huɗu za su iya kula da bakwai. Irin wannan lambu ma yana da aikin da gadinan gida ba zai iya ba, kamar wanke matatar ruwa, gyaran bututu, askin itatuwa da sabunta shimfiɗar ƙasa, kuma a shekara biyun farko, kafin saiwa ta kafu, yana buƙatar ido sosai. Ka faɗa wa mai gida haka tun farko domin kada ya zaci ba za a sake zuba ruwa ba.

Tunda a Gombe kake, Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa tana kusa da kai, ka je ka nemi ilimin reno da aurar da itatuwa a wurin malamanta. Idan za ka kai ƙiyasin kuɗi, ka kai iri biyu a takarda ɗaya, kowanne da kuɗin dasawa da kuma kuɗin ruwa, mai da taki na shekara uku, domin mai gida ya ga inda arahar farko take kai shi. Ka sa ƙaramar mita a bututun lambun kana rubuta abin da ta nuna duk ƙarshen wata, ka kuma ɗauki hoton kowane lambu da ka yi a tsakiyar Afrilu daga wuri ɗaya kowace shekara, da izinin mai shi, ka ajiye su tare da lissafin mitar a fayil ɗin da za ka riƙa ɗauka idan za ka neman sabon aiki.